Tagar Gidan Sandvik

Ranar da muka tsayar da Asabar don ƙone tsohon gidan Sandvik, ban yi zaton Arlo Brekke zai zo ya tsaya mana a ƙofa ba. A nan karkarar Minesota ta Amurka haka muke yi: in gidan gona ya tsufa babu mai shiga, sai mai fili ya bar wa 'yan kwana-kwana na sa-kai su banka masa wuta su koyi kashewa. Ni sana'ata sayar da ƙusa da fenti, amma in jiniya ta yi kuka ina cikinsu.

Arlo kuwa, duk kicin ɗin da ka shiga a yankin nan za ka tarar da aikinsa a bango. Da rubuta suna a jikin motocin madara ya fara, yana ƙara 'yar agwagwa a gefe a matsayin gyara. Masu motocin suka fi son gyaran. Daga nan wani kamfanin irin shuka ya sa shi zanen kalanda, sai kofuna, sai faranti, har mutanen birni suka fara tuƙo mota don su gan shi. A shagona yake sayen buroshi, kuma bai taɓa yarda cewa na sayar masa da mai kyau ba.

Abu ɗaya ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ko dinya ya zana tana tashi daga fadama, ko barewa cikin dusar ƙanƙara, ko tsohuwar akori-kura a gonar masara, can baya sai ka ga farin gidan nan, da taga ɗaya a saman bene tana haske. Mutanen birni sun ɗauka gidan da ya tashi a ciki ne. Mu mun san na su Sandvik ne, kuma Arlo ba jininsu ba ne. A shagon kofi na Verna kowa da tasa, wasu su ce budurwa ce, wasu su ce mamaci. Babu wanda ya tambaye shi, don a garinmu ba a tambayar mutum abin da ke ransa, sai dai ko ruwa ya sauka a wajensu.

"Lyle," in ji Arlo ga shugabanmu a ranar da ya zo ɗin, "so nake in shiga gidan nan kafin ku cinye shi."

"Kai tsoho, matakalar ta ruɓe. In ka faɗo, wa zai zana mana kalandar baɗi?"

"Ku bar ta bana a rataye. Wane ne cikinku yake duba kwanan wata?"

Ni dai bakina ya ƙi rufuwa. Na ce, "Arlo, me ka manta a ciki?"

"Ban manta komai ba, Delmer. Ban taɓa shiga ba ne."

Ya zauna a bakin motar ruwa ya ba mu labari. Mahaifinsa ɗan ƙodago ne a gonar Sandvik, suna zaune a wata bukkar katako a ƙetaren fadama, kuma 'ya'yan ɗan ƙodago iyakarsu bakin ƙofar kicin. Duk lokacin ƙanƙara, daga shimfiɗarsa yakan hango tagar nan tana haske, ba ta mutuwa.

"Duk abin da babu a ɗakinmu, can na zuba shi," in ji shi. "Murhu, darduma, littattafai, uwa wadda ba ta gaji ba. Ina son in ga ɗakin da idona, ko sau ɗaya."

Lyle ya sosa ƙeya, ya ce zai duba, wanda a bakinsa hakan na nufin to.

Asabar da safe muka kifa masa hular kwano. Ina gaba, Lyle yana baya, muka hau da shi muna taka gefen matakala. Shekarunsa saba'in da wani abu, amma sai da na ce masa ya bi a hankali. Na tura ƙofar da kafaɗa.

Ɗakin bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Wani tankin ruwa mai tsatsa ya cinye rabinsa, ga igiyar lantarki tana reto daga sama.

"Af, ɗakin tanki ne," in ji Lyle, kamar mai neman gafara. "Ƙwan lantarki suke bari a kunne duk lokacin sanyi, kada ruwan ya daskare. Kakana ma haka yake yi."

Arlo ya dubi tankin, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, sai ya fashe da dariya har hular ta zame masa.

"Wato duk tsawon rayuwata hoton tankin ruwa nake sayar wa Amurka!"

Mun taya shi dariya, amma ni tausayinsa ne ya kama ni. Sannan ya goge gilashin tagar da hannun riga ya leƙa. A ƙetaren fadama babu komai yanzu sai karan masara da bishiya biyu. Ya daɗe a tsaye, har Lyle ya fara duba agogo.

"Ashe daga nan ana ganinmu sarai," ya ce a hankali. "Uwata ma takan ajiye fitilar kananzir a taga, don babana ya gane hanya."

Muka sauko da shi. Ya miƙa wa Lyle hular ya ce, "Ku sa wutarku." Bai tsaya kallo ba.

Da kalandar sabuwar shekara ta fito, babu farin gida a cikinta. Ta cikin wata taga mai ƙura ake hango dinya tana ƙetare fadama, can nesa kuma ga wata ƙaramar bukka, da ɗan haske ja a tagarta. Verna ta rataye ta bayan kanta, ta daɗe tana kallo, sannan ta karya al'adar garinmu.

"Arlo, wannan kuma gidan wa ne?"

Ya ajiye kofinsa.

"Namu ne," in ji shi.