Langar da Ta Sha Baƙin Mai

Shekara biyu da 'yan watanni munka yi gidanmu mota ne. Tsohuwar bas ce fara, maigidana ya cire kujerun baya ya shimfiɗa katako, bisa katako katifa, ƙarƙashi kayan aikinshi. Gyaran injin markaɗe da na ban-ruwa da janareto shike yi. Wata damina ruwa ya kayar da ɗakinmu, ƙauyen kuma ya zama mutane na kwana da takalmi a ƙafa, sai ya ce ba ya sake gini sai an samu kwanciyar hankali. Za mu bi kasuwanni, in ji shi, inda aiki yake nan ne gida. Ni ba a nemi shawarata ba, an dai tambaye ni wace tukunya za ni ɗauka.

Haka munka shiga zagaye: Sabon Birni, Unguwar Lalle, Kurawa, mu gangaro Isa, mu leƙa Bafarawa, mu koma. Shi abin daɗi ya yi mashi. Ya tsaya gindin itace, ya baza sifanu bisa buhu, kafin hantsi ya yi abokai biyar suna shan shayi. Ni kuwa ina cikin mota da ɗiyata, wadda lokacin take koyon tafiya, komi ta tsinta sai baki. Noti uku na taɓa zarowa daga kumatunta rana ɗaya. Kafin a tada mota sai na duƙa na leƙa ƙarƙashin tayu, ko da tana goye a bayana. Shina yi mani dariya, ni dai sai na leƙa.

Abin da maza ba su lissafawa shi ne mace ba ta da inda za ta tsuguna a bakin kasuwa. Shi ya ɗauki buta ya zagaya, ya gama. Ni sai na samu gidan da za a bar ni in shiga in yi wanka, in wanke tsumman yarinya, in shanya. Kowane gari sai na yi sallama a ƙofar da ban sani ba, ina murmushi kamar mai neman aure. Wasu su karɓe ni hannu biyu. Wata kuwa a Unguwar Lalle, duk ranar da na shiga sai ta tashi ta kwashe bokitinta da tsintsiyarta ta kai ɗaki. Ba ta taɓa ce mani komi ba. Na dai ji an ce masu gida bisa taya, yau ga su, gobe ka nemi kayanka.

Gidan da ba zaure kuma ba a yi mashi sallama. Mutane gani suke motar haya ce. Wata ranar kasuwar Isa ina tankaɗe, sai ga wata tsohuwa ta turo kwandon daddawa, ta hawo, ta zauna daram bisa katifarmu tana gyara mayafi.

"Bafarawa za ku?"

Na ce, "Inna, nan gida ne."

"Gidan wa?"

"Namu."

Ta dubi kurfoti, ta dubi zanen da na rataya a taga, ta danna katifa da hannu. "Shi ya sa na ji kujerar da laushi. To gidan naku ina za shi in an tashi kasuwa?"

Na ce Bafarawa.

"Madalla. Sai in jira shi."

Ba ta sauka ba. Ta karɓi yarinya ta ɗora a cinya, ta ce tankaɗena na malalata ne, ta kuma ce wa maigidana ya rage gudu, ba awaki ya ɗauko ba. Sati guda katifarmu na warin daddawa. Amma da munka isa ta ja hannuna har gidanta, ta nuna mani randa da bayan gida da igiyar shanya, ta ce duk ranar da gidanmu ya biyo ta nan, ƙofa ba ta da kuba. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse gidajensu. Nan ne kaɗai nake wanka ba tare da ina sauri ba. Nan ne kaɗai nake ajiye yarinya ƙasa in juya baya.

Wata rana za mu tashi da la'asar ta biyo ni har mota da langa mai marfi, hocen dawa da miyar sure a ciki. Langar ta girme ni. Ruwan ɗorawa ce da jan fure, gefen marfin ya ɓantare wuri biyu har baƙin ƙarfe ya fito. Na yi godiya, munka tafi.

Tun ina ƙarama uwata ta koya mani abu biyu kan kwanon maƙwabci: ba a mai da shi wofi, ba a kuma bari ya kwana uku. To ni maƙwabciyata tafiyar sati ce tsakaninmu. Na ce ba komi, kasuwa mai zuwa za ni cika ta in kai.

Satin farko na tashi da sassafe na yi ɗanwake, na zuba mai da yaji, na ɗaure langa cikin zane. Mun fita Isa kaɗan sai wani ɗan kabu-kabu ya ɗaga muna hannu ya ce hanya ba daɗi yau. Kowa ya san ba ramuka yake nufi ba. Munka juya. Maigida ya cinye ɗanwaken, har shina cewa gishiri bai ji ba.

Sati na biyu wani mai gona a Kurawa ya kawo injin ban-ruwa uku, munka kwana huɗu gindin tsamiya guda. Na uku motar ce da kanta ta ƙi tashi, anka tura ta har masu turi sunka gaji sunka koma shan rake. Ni kuwa kullum langar nan na cikin raina. In na rufe ido sai in ga Inna zaune da matan unguwa, wata na cewa, ai mun faɗa maki, wa ke ba mai gida bisa taya kwano? Inna ba ta da waya balle in kira.

Maigida ya ce, "Ke, ba wa ɗan kabu-kabu ya kai mata mana."

"Da abincin ciki?"

"To a kai haka nan."

"Wofi? In aika mata kwano wofi hannun baƙo, kamar na ce kada ta sake ganina?"

"Kwano ne fa."

Wannan maganar, kwano ne fa, na ji ta ya fi sau goma. Na wanke langa na naɗe, na cusa bayan jarkar ruwa inda hannun yarinya ba ya kai. Ban yi tunanin hannun ubanta ba.

A Sabon Birni ne, sati na biyar. Na dawo daga wanki da bokiti a ka, na hango shi tsugune gaban wani janareto, ya kwance noti, baƙin mai na tsiyaya. Abin da ya tara a ƙasa ruwan ɗorawa ne da jan fure. Na sauke bokiti a hankali don kada in jefe shi da shi.

"Malam, mi ke nan?"

"Robar tawa ta tsage. Minti biyar ne, yanzu za ni juye."

"Langar Inna ce."

"Ai ban ci ta ba. A wanke."

Na wanke. Na sa toka, na sa yashi, na sa omo, na matse lemun tsami, na jiƙa ta kwana biyu cikin ruwan tsamiya. Wurin da ya ɓantare ya sha mai ya ƙoshi. In ka zuba ruwa sai ka ga wani maiƙo mai launi-launi na yawo a sama, in ka kai hanci sai ka ji kamar ka shiga gareji. Na zauna na yi kuka, yarinya na ja mani ɗankwali. Ba langar nake yi wa ba. Randar nan nake gani da igiyar shanya.

Na sa shi gaba munka shiga kasuwa, rumfa rumfa, har munka samu mai kama da ita, sabuwa fil tana ɗaukar ido. Ya ce ai ta ma fi waccan kyau, tsohuwa za ta ji daɗi. Ni ma na yarda, don ina son in yarda. Tsohuwar langar na tura ta can ƙarƙashin katako.

Sati na shida hanya ta yi kyau. Na yi dambu da zogale, na bar ƙuli ya ji, na cika sabuwar langa har marfi na ɗagawa. Na tarar da Inna tsakar gida tana shanya kalwa. Munka gaisa, ta tambayi hanya, ta tambayi gajiya, ta ɗaga yarinya ta ce ta rame, ba na ba ta abinci. Sannan na kwance zane na ajiye gabanta.

Ta ɗaga marfi ta duba. Ta juya shi, ta bi gefen da yatsa, ta mayar ta rufe.

"Wagga ta wa?"

"Taki ce, Inna."

"Tawa ta koma budurwa ke nan."

Na sunkuyar da kai.

"Ɗiyata, biya kinka zo yi?" Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mani sauƙi. "Baƙo shi ke biya, don ba ya dawowa. Maƙwabci in ya fasa maka kwano, gutsattsarin shike kawowa, a yi faɗa, a gama, gobe a sake aikowa. Sati shida ana ce mani kin gudu, ina cewa hanya ce. Yanzu kin zo da sabo ki nuna masu sun fi ni gaskiya."

Sai na faɗa mata duka, tun daga ɗanwake har janareto.

"Tahi ki ɗauko. Ki taho da mai aikin."

Na je na kwanta rub da ciki na jawo ta daga ƙarƙashin katako. Maigida ya biyo ni shina goge hannu da tsumma, ya tsaya bakin ƙofa ya yi sallama da wata ƙaramar murya da ban san shina da ita ba. Inna ta karɓi langa, ta buɗe, ta shinshina, ta kawar da kai.

"Kai, ɗan nan. An ba ka miyar sure, ka mai do mani da miyar inji?"

"Inna, a yi haƙuri, robar ce ta tsage."

"Hankalin bai tsage ba? Ka iya gyaran ƙarfen kowa, ka kasa gane kwanon cin tuwo. Ko ita matar taka in ta tsaya kusa, mai za ka juye mata?"

Ya sosa ƙeya. Ta ɗaga langar ta duba ta da hasken rana, ta ga maiƙon na yawo. Na ga gefen bakinta na motsi.

"To, ba ku dai mai do ta wofi ba."

Ta kife ta bisa danga ta ce rana za ta yi sauran aikin, in ba ta yi ba kaji ba su da ƙyama. Ta juye dambuna cikin ƙwarya, ta ɗanɗana, ta ce yaji ya yi yawa, ta ƙara ɗiba. Sannan ta ɗauki sabuwar langar, ta jera curin daddawa bakwai a ciki, ta rufe ta miƙo mani.

"Wagga ba ta san gida ba tukun. Sai ta je ta dawo sau uku, sannan mu gani ko tawa ce. Ruwa na randa, je ki yi wanka, ke ma warin inji kike."

Na yi wanka har yatsuna sunka yi yaushi. Ina jin ta tana yi wa yarinya wasa, tana gaya mata ubanta ɓarawon kwano ne.

Da la'asar munka kama hanya. Ba mu yi nisa ba maigida ya gyara murya ya ce mai gonar nan na Kurawa ya kira, sati mai zuwa da wuya mu biyo Bafarawa. Na ce to, shi ya tafi Kurawa, ni ya aje ni Isa, za ni hau kabu-kabu da yarinya da langa. Ya dube ni, ya dubi abin da ke bisa cinyata. Can ya ce za a duba, wataƙila mai gona ya jira kwana guda.

Marfin langar na ta ƙwaram-ƙwaram duk ramin da munka faɗa. Ya ce in sa tsumma ƙarƙashin marfin, ƙarar ta dame shi. Na ce duk tsumman motar nan mai gare su, ya yi haƙuri har Isa.