Hanyar Makara Ta Cikin Jami'a

Ni ma na yi boko, kada wani ya raina ni. Na kai aji huɗu na firamare kafin mahaifina ya lura cewa shanunsa sun fi malamai buƙatata. Saboda wannan zurfin ilimi ne mutanen unguwarmu suke tura ni duk inda za a yi Turanci, kuma shi ya sa ni aka tura ranar da jami'ar da ke maƙwabtaka da mu ta kira taro.

Amma bari in fara da hanyar. Tun kafin kowa ya yi mafarkin jami'a a wurin, akwai 'yar hanya da ta tashi daga bayan masallacinmu, ta ratsa filin, ta ɓulle maƙabarta. Ta nan aka ɗauki mahaifina, ta nan aka ɗauki uwar 'ya'yana. Da aka zagaye filin da katanga, sai aka bar mana ƙaramar ƙofa. Ɗalibai suna fitowa ta nan su sayi awara da masa, su kama haya a ɗakunanmu, su ɗebi ruwan rijiyoyinmu. Mu kuma in an yi rashi mu ratsa da makara, su miƙe tsaye su yi shiru, Musulminsu da Kiristansu, har mu wuce. Wata safiya muka tashi muka tarar an toshe ƙofar da bulo, siminti bai ko bushe ba. Wai tsaro.

A wurin taron aka zaunar da mu a ɗaki mai sanyi, aka ba mu lemon kwalba da cincin. Wani farfesa ya daɗe yana bayanin irin ƙaunar da jami'a take yi wa maƙwabtanta. Da ya tsagaita, na ɗaga hannu kamar yadda aka koya mana a aji huɗu.

"Ranka ya daɗe, gawa fa? Ta ina za ta bi?"

"Baba, mun yi tunanin wannan," in ji shi. "Babbar ƙofa tana nan. Sai dai ku sanar da ofishin tsaro kwana biyu kafin lokaci."

"Lokacin me, ranka ya daɗe?"

"Lokacin da za ku zo mana."

"To wa zai kai sanarwar, mu ko mamacin?"

Ɗaki ya ɗauki dariya, har da masu tafi. Farfesa ya ce lallai Baba akwai barkwanci. Kafin in ce ba wasa nake yi ba, an shafa addu'a, an jera mu an ɗauki hoto.

Da na koma gida, na ba abokina labari. Babarbare ne mai sayar da huluna, ni kuwa Bafulatani, saboda haka mun tsufa a benci ɗaya muna zagin juna kamar yadda muka gada. Shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce kakana ne ya sayi kakansa da ƙwaryar nono, kuma an cuci kakana. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Kai bawana, ai kai ba ka da damuwa. Siririn nan kamar sandar kiwo, ta kan katanga za a miƙa ka. Ni ne abin tausayi." Gaskiyarsa ne, ƙato ne na gaske. Akwai alkawari tsakaninmu tun da daɗewa: duk wanda ya riga, ɗayan ne zai fara zuba masa ƙasa. Yakan ce zai zuba mini da yawa, don Bafulatani ba ya zama wuri ɗaya.

Shi ya riga ni. Ya rasu da hantsi, cikin tsananin zafin bazara, kuma bai sanar da ofishin tsaro ba, don Barebari ba su san tsari ba.

Aka yi masa sutura, aka sallace shi bayan azahar. Wani zai ce me ya hana mu neman mota. A unguwarmu a kafaɗa muke kai namu, ana karɓa-karɓa, kowa ya sa hannu ya samu ladansa. Muka nufi babbar ƙofa. Mai gadin, wani matashi, ya cire hularsa da ya ga makara.

"Baba, wallahi ba ni da iko," in ji shi. "Oga yana taro, wayarsa a kashe. In na buɗe, aikina ne zai tafi."

Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. Muna tsaye muna roƙo sai ga wata mota mai baƙin gilashi a bayanmu, tana danna mana ham. Muka matsar da makara gefe, bakin lambatu, aka wangale ƙofa, mota ta shige, aka mayar aka rufe. Wanda ke ciki bai ko sauke gilashi ya ce Allah ya jiƙan rai ba. Liman ya ce ba a tsayar da gawa a rana ana gardama, mu zagaya.

Muka zagaya. Muka bi kwalta, katanga a hannun dama ta ƙi ƙarewa, Keke Napep da 'yan acaɓa suna kutsawa ta tsakaninmu. Samari suka ɗaga ƙafa, dole ne, don nauyi da rana ba sa barin mai ɗauka ya jira tsoho. Gwiwoyina suka ce sun gama a daidai rumfar wani mai faci. Ya ba ni benci da ruwan leda, ina zaune ina kallon makarar abokina tana nisa har ta sha kwana.

Da na samu na lallaɓa na isa, mutane ne ke fitowa suna kakkaɓe hannuwa. An rufe, an yayyafa ruwa. Na durƙusa na ɗebi ƙasa na zuba a kan wadda wasu suka riga suka zuba. Na ce masa, "Bawana, na makara. Masu ilimi ne suka tsare ni."

Hoton taron nan yana manne a jikin katangarsu, an buga shi ƙato, da rubutun Turanci game da zumunci da maƙwabta. Ga ni nan a ciki, riƙe da lemo.

Tun daga ranar, duk bayan kwana biyu nake saka babbar riga, in dogara sanda, in je babbar ƙofa. In yi sallama, in ce, "Ɗana, a gaya wa Oga, mai yiwuwa jibi ne." Masu gadi sun saba, sai su yi dariya su ce, "Haba Baba, Allah ya ƙara nisan kwana." In ce amin, amma dai a gaya masa. Ni ba na dariyar. Dokarsu ce, kuma ban taɓa fashi ba. Ranar da 'ya'yana suka iso da ni a kafaɗa, ina so in ga bakin da zai ce ba a sanar ba.