Hancin Ticha Seidu

Duk wanda ya taɓa salla a ƙaramin masallacin layinmu na Mu'aither ya san ba zai fito ya tarar da takalminsa yadda ya bar shi ba. Ticha Seidu ya riga ya bi ta kansa. Sai ya jera takalman jama'a kaf, dunduniya a layi ɗaya, kafin ya shiga sahu yana hararar ƙafafun mutane. Har raka'a yakan rasa a kan wannan aiki. In an yi masa magana ya ce raka'a ana rama ta, amma shi ba zai iya natsuwa ba alhali ya san silifas ɗin wani ɗaya na kallon gabas, ɗaya na kallon shagon Ba'indiye.

Mutumin Zangon Kumasi ne, ya girme mu duka a ɗakin da muke haya. Ya koyar a firamare kafin ya zo Doha, shi ya sa sunan Ticha ya bi shi. A nan kuma duba kaya yake a wani sito na ƙofofi da tagogi. In kwantena ta iso, shi ke ware masu aibi, ya faɗi irin aibin da Turanci. Da ragowar Turancin yake dawowa gida ya sauke mana.

Mu a wajenmu, abu in ya lanƙwashe ya lanƙwashe ke nan. A wajen Ticha kowace karkata da sunanta. Cokalin da Bala direba ya buɗe gwangwani da shi, "bent" ne: ƙarfi aka sa masa, guduma kuma na iya mayar da shi. Ƙofar banɗakinmu da ba ta rufuwa sai an sa kafaɗa, "warped" ce: zafi da danshi suka ci ta a hankali, ba mai laifi. Sai na ƙarshe, wanda ba ya faɗa sai ya ɗaga yatsa, "distorted". Wannan, in ji shi, ba aikin rana ba ne. Aikin ɗan Adam ne da ya san siffar abu, ya nuna wata.

Wata rana Bala ya gaji, ya nuna ƙafafun Ticha, waɗanda suka ɗan yi baka, ya tambaye shi su kuma wane suna gare su. Ticha ya sunkuya ya duba su da kyau kamar yau aka kawo.

"Waɗannan haka suka zo daga kamfani," ya ce. "Ba a mayarwa."

Akwai kuma wani wanzami ɗan Bangaladesh a unguwar Bin Omran, mai yi wa Ticha aski. Ticha ya koma masa wai layin goshinsa ya fi hawa ta dama. Aka gyara, ya ce yanzu hagu ce. Aka gyara hagu. Da mutumin ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne, sai ya bi kan da reza gaba ɗaya, ya ce "halas", wato an gama. Ticha ya dawo da kai tal kamar ƙwai, yana yaba masa, wai sai yau ya ga aiki mai tsafta.

To ni Musa, ga nawa laifin. Gadi nake a wurin ajiye motoci, ƙarƙashin wani dogon bene. Ranar Juma'a nakan ari farar jallabiyar Bala da agogonsa, in jingina da motar da ta fi kowace sheƙi, a ɗauke ni, in tura gida Funtuwa. Ba ni kaɗai ke yi ba, amma na fi kowa iyawa. A ɗaki ma muna da labule guda mai ruwan zinariya da muka rataya a kusurwa. Duk mai kiran gida ta bidiyo a gabansa yake tsayawa, sauran su yi shiru. Ticha kaɗai ke kiran iyalinsa daga kan gadonsa, da singileti.

Sau ɗaya na taɓa miƙa masa waya ya ɗauke ni. Ya ce in cire hannu daga motar mutane tukuna. Na ce ai ban ce tawa ba ce.

"Bakinka bai ce ba. Gwiwar hannunka ta ce."

Abin ya zo ya same ni ta wajen ɗana Auwalu. Tela ne, yana da shagonsa da kekensa, yana ci da kansa har ya taimaki uwarsa. Sai ya kira ni wai ya samu ejan mai kai mutane aiki waje, zai sayar da keken ɗinkin ya saki shagon ya biyo ni. Na ce masa akwai wahala a nan. Ya yi dariya, ya tambaye ni ko wahalar a cikin farar motar nan take. Ya ɗauka rowar arziki nake masa. Ni kuma bakina ya ƙi faɗin abin da ya kamata, don na daɗe ina gina wannan mutumin na hoto, ina jin kunyar rushe shi a gaban ɗana. Har an sa ranar da mai sayen keken zai zo.

Juma'ar da ta biyo, bayan an sauko, ina gaban labule muna ta wannan ja-in-ja da Auwalu, sai Ticha ya ce in ba shi su gaisa. Na ba shi, don ban taɓa jin an ƙi ba babba waya ba. Ya kai ta dab da fuskarsa kamar zai shinshina, ya gaishe shi, ya tambayi aiki. Daga nan ya juya ta, ya fara zagaye ɗakin da muryar da yake duba kwantena. Ya nuna gadajen ƙarfe masu hawa biyu. Ya nuna igiyar da muke shanya safa, da bokitin da ke tare ruwan na'urar sanyi, da kakina na gadi, da takalmina da na liƙe da gam. Ya ɗaga labulen ya nuna bangon da ya ɓarɓashe a bayansa.

"Wannan na sama shi ne gadon babanka," ya ce. "Da gwiwar nan tasa mai ciwo yake hawa. Ga jallabiyar can, ta Bala ce. Bala, gaishe da yaro."

Bala ya ɗaga hannu daga kan gado, bakinsa cike da gurasa.

Na karɓe wayata na kashe. Na faɗa wa Ticha maganganun da ba zan maimaita ba, Allah ya yafe min. Ya bari na gama, ya ce hotunan ne "distorted", ni kuwa "bent" ne kawai, shi ya sa ya ga ya dace ya sa guduma. Na daina yi masa magana har aka ga watan azumi. Duk wannan lokacin bai fasa jera min takalmi a masallaci ba.

Auwalu ya yi kwanaki bai kira ba. Uwarsa ce ta shaida min mai sayen keken ya zo an ba shi haƙuri. Da Auwalu ya kira da kansa, bai ta da maganar mota ba. Ya tambaye ni wace gwiwar ce, ya ce in roƙi na ƙasa mu yi musanyar gado.

Ticha ya rasu cikin zafin bara, bayan 'yar gajeruwar jinya, aka rufe shi a nan. Da aka zo tura sanarwa Kumasi sai aka rasa hotonsa, don bai taɓa yarda an ɗauke shi ba. Bala ya ce a ciro na katin shaidarsa, a sa masa farar jallabiya da dogayen benaye a baya, don mutuncinsa a gida. Ni na ce a'a. Kowa ya juyo ya kalle ni, na kuma san dalilin kallon.

Auwalu ne ya fitar da mu. Ashe ranar nan, lokacin da Ticha ya manna wayar a fuska, yaron ya danna ya ajiye hoton don ya ba shi dariya. Hanci ya cinye rabin allon, ido ɗaya ya leƙo ta gefe, hula ta karkace, ga ƙarfen gado a baya. Shi muka tura. 'Yar Ticha ta ce hancin ba nasa ba ne, amma hararar tasa ce.

Auwalu ya wanke hoton ya rataye shi a saman kekensa. Na ce ya auna da tef kafin ya buga ƙusar, ya ce ya riga ya auna. Allah ya jiƙan Ticha Seidu, ya yalwata masa kabari, ya miƙe masa hanya kamar yadda ya miƙe mana sahu.