Ranar da Birkin Auta Ya Nutse

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓata a garejin. Baba Birki kowa ke ce masa, har matarsa idan tsokana ta motsa mata. Shekara talatin da bakwai yana kwance a ƙarƙashin motocin mutane, kuma a duk tsawon nan bai yarda ya taɓa inji ko giya ba. In ka kawo masa mota tana hayaƙi, sai ya nuna maka rumfar maƙwabcinsa da sifana ya ce, "Can ake sa ta gudu. Ni tsayar da ita nake yi."

Gajere ne mai kaurin wuya, ga taurin kai kamar tsohon noti. Yana da wata ɗabi'a da ke ƙular da masu sauri: sai ya zaunar da mai mota a benci ya yi masa tambayoyi kamar alƙali. Gangara ce ko hawa? Kwalta ko yashi? Ƙafarka me ta ji? Abu ɗaya ne bai taɓa shiri da shi ba, wato ɗan akwatin ABS mai tarin bututu, wanda ke hana taya cijewa idan an taka birki da ƙarfi. Shi a zamanin da ya koyi aiki babu wannan ƙaƙale. Da akwatin ya fara zuwa a cikin motoci, sai ya riƙa gaishe shi daga nesa, ya yi aikinsa a tayoyi ya rufe bone.

'Yarsa ta ƙarshe, wadda yake kira Auta, malamar makaranta ce a can ƙarshen gari. Tsohuwar motarta shi ke duba mata ita tun da aka saye ta, shekara takwas ke nan. Wata Talata da safe tana gangarowa da yaranta biyu a baya, a daidai inda tifa ta zubar da yashi a kan titi, sai mai tura kura ya faɗo mata hanya. Ta taka birki, birki ya ƙi. Ta murɗe sitiyari, ta finciki birkin hannu, motar ta je ta goga katanga. Allah ya tsare, fitila ɗaya ce kawai ta fashe.

Mijinta, akawu ne mai son a nuna masa komai a rubuce, ya kai motar wurin masu kwamfuta. Suka jona na'ura, na'ura ta ce lafiya ƙalau. Suka taka birki, ga shi nan da tauri kamar dutse. Shi ke nan akawu ya yanke hukunci: ruɗewa ta yi ta taka totur maimakon birki. Ya karɓe makulli, ya ce ba za ta ƙara ɗaukar masa yara ba. Idan babu mota kuwa, makarantar nan ta yi wa Auta nisa, aikin ma sai dai ta haƙura da shi.

Kwana uku bayan haka suka zo garejin tare, don a sa fitila. Baba Birki ya shiga ya taka birkin, ya leƙa kofin man birki ya gan shi cike, ya bi bututu da yatsa bai sami ɗigo ba. Gaskiya ɗaya ce, a ransa ya bi bayan surukinsa. Motar da ya duba da hannunsa, ta ina za ta ci amanarsa? Amma ɗabi'a ba ta barin mai ita. Ya nuna wa Auta benci.

"Ƙafarki me ta ji?"

"Baba, na faɗa har na gaji."

"Ni ba ki faɗa min ba."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Karkarwa ya fara yi, kamar ana ƙwanƙwasa min tafin ƙafa daga ƙasa. Daga nan sai ya tafi, kamar na taka laka."

Baba ya ɗago kai ya dube ta. Totur ba ya karkarwa. Akwatin nan ne kaɗai ke ƙwanƙwasa ƙafa haka, kuma ba ya farkawa sai taya ta zame. Masu kwamfuta motar tana tsaye suka gwada ta, shi ma tana tsaye ya gwada ta, duk cikinsu babu wanda ya tashi akwatin daga barci.

Ya ce wa surukin, "Shiga, kai za ka tuƙa."

Akwai filin yashi a bayan garejin. Baba ya zauna a gefe, hannunsa a kan birkin hannu, ya ce ya ba ta wuta sannan ya taka da iya ƙarfinsa. Sau uku motar na karkarwa tana tsayawa, akawu har ya fara murmushin na-faɗa-muku. A na huɗu ƙafarsa ta nutse har ƙasa, motar ta ci gaba da tafiyarta ta nufi tulin tsofaffin tayoyi. Salati ya kama yi da ƙarfi, sai da Baba ya ja birkin hannu suka tsaya. Da akawu ya sake takawa, birkin ya dawo daram, kamar ba shi ba.

Suka komo rumfa, akawu yana share gumi. Baba ya kwance ɗan noti a bayan taya, ya tara kwalba. Man birki sabo garau yake, ana hango yatsa ta cikinsa. Wanda ya fito baƙi ne wuluk, da gari-gari yana kwantawa a gindin kwalbar. Wannan dattin ne ya shiga bawul ɗin akwatin ya hana shi rufewa, mai ya sulale ta nan maimakon ya je taya. Baba ya daɗe yana kallon kwalbar. Shekara takwas ciko kawai yake yi. Bai taɓa juye man gaba ɗaya ba, saboda juyewar za ta kai shi ga taɓa akwatin da yake gudu.

"Tsufan mota ne ke nan, Baba," in ji akawu da sanyin murya. Ƙofar kuɓuta ce ya buɗe masa, kuma babu wanda zai gane in ya bi ta.

"Ba tsufa ba ne. Ni ne. Man nan ya kamata in canja tun tuni, ban canja ba. Ba ta makullinta."

Akawu ya miƙa mata, kansa a ƙasa. Auta ta karɓa, amma uban take kallo.

"Baba, kai ma da farko ba ka yarda da ni ba, ko?"

Ya so ya yi ƙarya, bakinsa ya ƙi. "Ban yarda ba, Auta."

Ta gyaɗa kai, hawaye suka zubo mata. Ta ce, "Ni ma haka. Kwana uku ina gaya wa kaina ƙila totur ɗin na taka, da yarana a baya."

Kunya da tausayi suka taru suka kama Baba. Mutumin da ya saba yi wa kowa tambaya a bencin nan ya ajiye kwalbar ya zauna kusa da ita.