Ɗalibata ta Bayan Aji

Jama'a na haye! An kafe sakamako, babu kariyoba ko guda, na zama malamar kemistiri. Umma har da guɗa, maƙwabtanmu na Ƙofar Kaura suka yi ta leƙowa suna tambayar ko aure aka sa. Amma yasin ina cikin tsallen nan na ɗauko waya zan kira mutum ɗaya, sai na tuna lambarta ta daina shiga tuntuni. Ita nake nema, shi ya sa nake wannan dogon rubutu.

Ƙawallina ce a kwalejin ilimi. 'Yar Filato, Kirista, babanta ma'aikacin gwamnati, suna haya a Kambarawa. Hausarta ta fi tawa gudu, har "tahi" da "ukku" take cewa don ta tsokane ni. A lab aka haɗa mu benci ɗaya, haka kawai, don sunayenmu na kusa da juna.

Ni fa ƙwaƙwalwa akwai, ba yabon kai ba. A takarda ba ni da matsala. Matsalata baki. A shekara ta biyu akwai wani darasi da ake sa ka tsaya gaban 'yan ajinku ka koyar, su kuma su zama kamar yaran sakandare, malami na gefe yana ba ka maki. Ranar da aka kira ni, na rubuta kan darasi a allo, na juyo, na ga idanu. Shi ke nan, murya ta ɗauke kamar wutar lantarki. Alli ya karye a hannuna. Malamin ya cire tabarau ya ce, "Zauna, Malama. A haka yara za su cinye ki ɗanya."

Na fito ina share hawaye da bakin hijabi, sai ga mutuniyar tana cin gyaɗa.

"Kin gama kukan? To Asabar ki zo gidanmu. Ki taho da alli."

"In yi me?"

"Ki koya mani karatu mana. Ni ce ɗalibar da za ta hana ki barci."

Na ɗauka wasa take. Na je na iske ta jingina wani tsohon falanki a bangon tsakar gida, ta zauna can nesa kan benci, ta sa hular makaranta, tana taunar cingam ƙas ƙas. Ko baki ban buɗe ba ta ɗaga hannu.

"Malama, fitsari."

"Ke, ban ma fara ba."

"Malama, wannan ta tsungule ni." Babu kowa a gefenta fa. "Malama, kina da saurayi? Malama, wai in mutum ya sha asid ɗin kaɗan, ɗan kaɗan dai, mutuwa zai yi?"

Mamanta na bakin murhu tana dariya har da riƙe ciki. "Ɗiyata, kar ki raga mata," in ji Mama, "haka ta ishe ni tun tana goye."

Haushi ne ya fara buɗe mani baki. Na daka mata tsawa, ni kaina sai da na tsorata da muryar. Ta miƙe ta tafa. "Yawwa! Ashe da rai."

Haka muka riƙa yi duk Asabar. Wata rana ta zama mai barci, wata rana sarauniyar surutu, wata rana yarinyar da ta fi malama sani. Ni ma nakan zauna mata, amma ban iya rashin ji ba, sai ta ce na cika ladabi, babu irin wannan ɗaliba a duniya.

Tunda an sha gaya mana yawancin makarantun da za a tura mu ba su da kayan lab, muka shirya darasin asid da kishiyarsa da kayan kicin. Ruwan zoɓo a kofi ukku. Ka matsa lemon tsami a ɗaya, ya ƙara ja. Ka zuba ruwan kanwa a ɗaya, ya juye kore mai duhu. Na juya ina rubutu a allo, na waiwayo, kofi guda babu komai.

"Ina zoɓon?"

Ta lashe baki. "Malama, na shanye firaktikal ɗin. Ba sukari ma."

Da wannan darasin na koma gaban malamin nan. Da na gama ya gyaɗa kai, ita kuma tana layin baya tana mani gwalo.

Mun yi alkawari duk wadda ta fara shiga aji na gaske, ɗayar za ta je ta zauna a baya. Sai ga shi kafin a tura mu koyarwar gwaji babanta ya yi ritaya, suka tattara suka koma gida. Ta ce za ta nemi canjin makaranta can. Na raka su tasha, Mama ta rungume ni, ita kuwa ko a nan sai da ta leƙo ta taga ta ce, "Malama, an tashi?" Da farko muna waya kullum. Daga baya layin ya daina shiga, shafinta ma shiru. Ban san ko wayar aka sace ba, ban san komai ba.

Makarantar 'yan mata aka tura ni, aji cike har bakin ƙofa. Ina cikin bayani wata daga can baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, in aka zuba kanwar a shayi fa?" Ajin ya kwashe da dariya, suna jiran in rikice. Ni ma dariyar na yi, na ce gobe ta zo da shayin mu gani. Ina fita na tsaya bayan ofis ni kaɗai, don babu wanda zan ba labarin ya gane daɗinsa.

Na koma Kambarawa, gidan an sake fenti, wasu ne a ciki. Wata Lahadi har bakin cocinsu na je na tsaya da hijabina ina tambayar masu fitowa. Wata dattijuwa ta gane su, ta ce za ta bincika mani. Har yau dai ina jira.

Ba wani abu nake so ba. In ji ko ta ƙarasa karatun, ko tana koyarwa, ko Mama na lafiya. In gaya mata da bakina cewa na gama.

Don Allah duk wanda ya karanta ya tura gaba, musamman guruf ɗin 'yan Filato da suka taɓa zama Katsina. Ku tura, ƙila ya kai gare ta.