Shafin Bargon Iya

Duk abin da yaƙin Injamena ya nuna mini, da gudu da yunwa da ƙarar bindiga, babu wanda ya zauna mini a rai har yau kamar abin da na yi da almakashina a ɗakin surukata. Wannan kam sai dai a binne ni da shi.

Muna zaune a unguwar Marjandafak, ban daɗe da aure ba. Surukata, wadda kowa ke kira Iya, tana da wani tsohon bargo na ƙyallaye. Mahaifiyarta ce ta harhaɗa shi yanki-yanki a hanyar Makka, tafiyar da ta ƙare musu a garin nan. Ɗinkin ya saki, shafin bayansa ya ruɓe. Da faɗa ya kulle mu a gida, Iya ta miƙo mini shi.

"Ke mai hannu, ki lallaɓa mini shi. Ki duba akwatina, za ki samu ƙyallaye."

Ni kuwa a lokacin ji nake babu mai riƙe allura kamata a unguwar. Na farke yankunan ɗaya bayan ɗaya, na wanke, na cike inda asu ya ci, na mayar da kowanne mazauninsa. Saura shafi. A can ƙasan akwatin na tarar da farin alawayyo sabo fil, naɗe cikin tsohon zane. Gidan 'yan yadi ne, mijina rumfa gare shi a Babbar Kasuwa, sai na ɗauka ragowar haja ce. Ban tambayi kowa ba, don so nake Iya ta ga aiki a gama ta yi mamaki. Na sa almakashi. Na bi shi da ɗinki ƙanana ƙanana, a matse, layi bayan layi, ina yi ina yaba kaina. Na ninke na ɓoye ina jiran ranar nunawa.

Ranar ba ta zo yadda na so ba. Da hantsi harsashi ya sami maƙwabcinmu, wani dattijo mai sayar da goro, a bakin rijiyarsa, nan take ya cika. Kasuwa a rufe, an wawashe rumfuna, babu inda za a samo ko kamu ɗaya na fari. Maza suka ce harbi ya lafa, a gaggauta kafin ya dawo. Mata sun cika tsakar gidanmu, matar mamacin a tsakiya, Iya ta dube ni.

"Ɗauko mini likkafanina a ƙasan akwati. Marigayi maigidana ne ya wanko mini shi da zamzam. A sa wa Malam, ni Allah bai kira ni ba tukuna."

Da ƙyar na shiga na fito da bargon, na juya bayansa na ajiye a gabanta. Na so ƙasa ta tsage in shige. Wata tsohuwa ta ce, "Yarinyar nan, a gidanku ba a ajiye likkafani ne?" Ana ajiyewa mana. Kakata ma tana da nata, na sha ganinsa.

Iya ta shafa farin da tafin hannunta, ta daɗe. Sannan ta ce, "An rufa da shi?"

"A'a, Iya."

"To kalas, shi ke nan. A kawo reza."

Muka zauna a kewaye da bargon muna farkewa. A nan ne kunyar ta kai mini iyaka, domin ɗinkin da nake alfahari da shi ya ƙi farkuwa. Da na yi shi sakwa-sakwa irin na ragwaye, da an ja zare ɗaya ya zube. Gawa na kwance a zaure, maza na aiko da a yi sauri, mu kuma muna tsintar zarena ɗaya ɗaya. Matar mamacin ma ta karɓi allura tana tonowa, hawaye na ɗiga a kan yadin. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Kafin mu haɗa yankunan farin mu ɗinke, harbi ya dawo. Ba a iya kai shi maƙabarta ba. A bayan ɗakinsa aka haƙa, aka rufe shi a gurguje, mutum kaɗan a kansa.

Iya ba ta taɓa tayar da maganar ba har ta rasu a Kusiri, inda muka yi gudun hijira. Yanzu ni ma na tsufa, ina da nawa farin a ƙasan akwati, kuma duk yarinyar da ta shigo gidana sai na buɗe na nuna mata shi. Abin da na koya ke nan: komai gwanintarki, kada ki sa almakashi a abin da wani ya naɗe ya adana sai kin tambaye shi na mene ne.