Gilasai Biyu na Baba Mai Hoto

Kullum da hantsi Baba Mai Hoto yakan buɗe shagonsa, ya share ƙasa, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur. Sai ya fito da gilasan da ake ɗaura wa kyamara, guda biyu, ya goge su a hankali kamar mai wankan jariri. Ɗaya dogo ne kamar taɓarya, yana ce masa Dogo. Ɗayan bai wuce kofin shayi ba, shi ne Gajere. Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan aiki, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye shi, don hannu ya fara rawa.

Duk wanda ya shigo, Baba yakan tambaye shi, "Abin naka nisa ya yi, ko ƙanƙanta?" Dogo aikinsa jawo na nesa. Da shi ya ɗauki 'yar wani tela ranar da ta karɓi kyauta a makaranta. Yarinyar in ta ga kyamara sai ta sunkuyar da kai. Baba ya tsaya can bayan taro, ya kamo ta tana dariya, ba ta ma san da shi ba.

Aikin Gajere kuwa, a watan jiya aka gan shi. Wani tsohon direba ya zo, ɗansa na riƙe da hannunsa. Likita ya ce ɗan ganin da ya rage wa tsohon ba zai daɗe ba. Matarsa ta rasu shekara tara da suka wuce, hotonta ɗaya tal ya rage, manne a tsohon katin asibiti, bai fi farcen babban yatsa ba. So yake ya ga fuskarta kafin idon ya rufe.

Ɗan ya nuna Dogo. "Baba, ɗauko wancan mana, ai shi ne babba."

Baba ya yi dariya. "Ɗana, tsawo ba shi ne wayo ba. In na matso da Dogo kusa da katin nan, ya fi mahaifinka rashin gani."

Direba ya ce, "To fa! Ni da na zo neman taimako, har da ni za a haɗa?"

Baba ya kwantar da katin a bakin taga, ya ɗaura Gajere, ya matso har ya kusa taɓa shi. Ya ce a irin wannan kusanci, numfashi ma girgiza ne. Sau uku yana ɗauka, sau uku hoton na fitowa dishi-dishi. Bai ɗora wa kyamara laifi ba. Ya ce, "Hannuna ne." Ya kafa ta a kan ƙarfenta mai ƙafa uku, ya saita ta ta ɗauka da kanta, ya mai da hannuwansa baya. "Kowa ya tsaya cik. Malam direba, tarin nan a ajiye shi tukuna."

Washegari Baba ya miƙa wa direban hoto mai faɗin faranti. Tsohon ya kai shi dab da idonsa. Can ya sa yatsa a gefen kunnenta.

"Ɗan kunnen nan ni na sayo mata. Cewa ta yi bai yi kyau ba. Ashe tana sawa."

Ɗan ya juya yana kallon bango.

Baba, kai ne mai jawo nesa kusa. Kai ne ba ka raina ƙaramin abu, ba ka jin kunyar faɗin inda ƙarfinka ya tsaya. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa ka huta lafiya. Masu sana'a, ku yi koyi da shi: ku san kayan aikinku, ku saurari wanda ya zo gabanku. Tsohon direba yanzu da kyar yake bambanta dare da rana, amma ya riga ya gan ta.